Aji Shida na Firamare: Me Manhaja Ta Tanada, Me Yaro Ke Fita da Shi?

Ba a faye samun ajin da iyaye suka saɓa a kan amfaninsa kamar aji shida na firamare ba. A ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram na Jihar Jigawa akwai gidajen da suke ɗaukar sa a matsayin iyakar boko, daga nan sai gona ko kiwo ko shirin aure. A cikin gari, musamman wajen masu 'ya'ya a makarantun kuɗi, akwai masu ganin bita ce kawai ake yi a cikinsa, don haka gara a ɗauke yaro daga aji biyar a kai shi sakandare. Wasu kuma ba su san shi da komai ba sai jarrabawar shiga sakandare. Sanarwar da gwamnatin tarayya ta yi a 2025 kan sabuwar manhaja da kuma harshen koyarwa ta ƙara dagula lissafin, har wasu suka zaci an riga an sauya komai a aji. Domin a warware wannan, dole a raba abu uku da ake yawan haɗawa: abin da aka rubuta a koyar, abin da malami ya samu damar koyarwa, da abin da ya zauna a kan yaro.

Ma'anar wasu kalmomi

Firamare kalmar aro ce daga Turanci, ana nufin shekaru shida na farkon karatun boko. Bisa tsari, yaro yana shiga yana ɗan shekara 6, ya iso aji shida yana da 11, ya fita yana dab da 12. A karkara sau da yawa shekarun kan haura haka saboda jinkirin sa yara makaranta.

Ilimin bai-ɗaya shi ne karatun shekaru tara da doka ta wajabta a ba kowane yaro kyauta: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. An kasa shi mataki uku. Aji ɗaya zuwa uku matakin ƙasa, aji huɗu zuwa shida matakin tsakiya, ƙaramar sakandare kuma matakin sama. Ke nan a idon doka, aji shida ƙarshen matakin tsakiya ne, da sauran shekara uku a gaba.

Manhaja, wadda asalinta Larabci ne, ita ce kundin da ya fayyace darussa da batutuwan kowane aji da abin da ake so ɗalibi ya iya. Hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, NERDC, ita ke rubuta ta. Daga cikinta ake fitar da jadawalin da ya rarraba batutuwa mako-mako a zango uku na shekara. Kula da makarantun gwamnati kuwa yana hannun Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Jigawa, SUBEB, ta hannun ofishin ilimi na kowace ƙaramar hukuma. Sai gwajin cikin aji da malamai ke kira C.A., wato makin da ake tarawa daga aikin gida da ƙananan gwaje-gwaje kafin jarrabawar ƙarshen zango.

Yadda aka iso nan

Dattawan da suka yi boko kafin tsakiyar shekarun 1970 sun san aji bakwai ne ƙarshen firamare a Arewa: shekara huɗu a ƙaramar firamare, uku a siniya. A wancan lokacin tankaɗe da rairaya ake yi. Kaɗan ne ke tsallakawa zuwa makarantu irin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, wadda ta fara a matsayin midil, kuma ta yaye mutane irin su Aliko Dangote. Wanda ya tsaya a aji bakwai ma yakan iya samun aiki a En'e, domin ya iya karatu da rubutu da lissafi.

A 1976 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa, UPE, makarantu suka bazu har ƙauyuka, yara suka yi wa malamai yawa. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta kawo tsarin 6-3-3-4, wato shekarun firamare da ƙaramar sakandare da babbar sakandare da jami'a, aka fara aiki da shi a 1982. A ranar 30 ga Satumba 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004, ta ware masa kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Jigawa kanta an ƙirƙire ta ne a 1991, don haka mafi yawan rayuwarta a ƙarƙashin wannan tsari ta yi.

Manhajar shekaru tara ta fara aiki a 2008. Da aka ga darussa sun yi yawa, aka yi mata garambawul a 2012, aka dunƙule darussa masu dangantaka a ƙarƙashin suna ɗaya, aka fara amfani da ita a 2014. Dunƙulewar ta jawo ce-ce-ku-ce, domin an sanya darasin addinin Musulunci da na Kirista a rukuni guda da darasin zamantakewa da na ɗan ƙasa nagari. A 2017 aka amince a ware darussan addini su koma cin gashin kansu. A tsakanin nan ne kuma aka yanke shawarar dawo da darasin Tarihi bayan shekarun da ya yi a waje.

Abin da aka rubuta a koyar

A manhajar da aka fara amfani da ita a 2014, Turanci da Lissafi su ne ƙashin bayan ajin. A Turanci ana son yaro ya karanta labari ko bayani mai sakin layi da yawa, ya amsa tambayoyi a kai, ya fitar da jigonsa. Ana son ya rubuta wasiƙa iri biyu, ta zumunci da ta hukuma, ya yi insha'i na ba da labari ko na siffantawa, ya rarrabe lokutan aikatau, ya mayar da maganar wani zuwa rahoto, ya san amfanin ƙamus da alamomin rubutu.

A Lissafi nan ne ake tattara duk abin da aka faro tun aji ɗaya. Akwai manyan lambobi har miliyoyi da matsayin kowace lamba, da ɓangarori irin su rabi da sulusi da rubu'i, da lambobi masu ɗigo, da kaso cikin ɗari, da rabo bisa gwargwado. Akwai lissafin kuɗi: riba da faɗuwa, rangwame, haraji, canjin kuɗi. Akwai awon tsawo da faɗin fili da cikin mazubi da nauyi, da saurin tafiya, da kusurwoyi, da fitar da matsakaicin adadi. A takarda suna kama da abubuwan nesa, amma kusan dukkansu suna cikin kasuwa. Wanda ya sayi buhun gero a naira 40,000 ya sayar a 46,000, ribarsa kashi 15 cikin 100 ce. Motar da ta ci kilomita 60 cikin awa ɗaya da rabi tana gudun kilomita 40 a awa. Yaron da ke rakiyar mahaifinsa kasuwar Sara yakan iya irin wannan lissafi da ka, amma idan aka rubuta masa shi cikin jimlar Turanci sai ya tsaya cak. Wannan tsayawar ita ce asalin matsalar ajin, kuma za a dawo kanta.

Darasin Kimiyya da Fasaha yana kawo rana da duniyoyin da ke kewaya ta, da juyawar ƙasa da yadda dare da rana ke samuwa, da iska, da haske da launukansa, da maganaɗisu, da ƙananan na'urori masu sauƙaƙa aiki irin gargaren jan guga, da ma'adanan ƙasa. Yana kuma taɓa jikin ɗan Adam: zagayawar jini, sauye-sauyen balaga, illar shaye-shaye. Batun balaga yakan tayar da hankalin wasu iyaye, ko da yake littattafan fiƙihu da ake karantawa a Islamiyya sun daɗe suna koyar da alamominta da hukunce-hukuncen tsarki ga yara masu waɗannan shekaru. A ƙarƙashin rukunin nan ne kuma motsa jiki da kiwon lafiya da ilimin kwamfuta suke.

A Hausa ana koyar da ƙa'idojin rubutu, da auna fahimta, da insha'i, da karin magana, da tatsuniya, da waƙa, da al'adu da sana'o'in gargajiya. A darasin addinin Musulunci akwai surori da hadisai, da tauhidi, da ibada, da tarihin Annabi (SAW) da sahabbai, da kyawawan ɗabi'u. Darasin zamantakewa da na ɗan ƙasa nagari suna bayanin matakan gwamnati, da haƙƙi da nauyin ɗan ƙasa, da zaman lafiya tsakanin al'ummomi, da kiyaye kai daga haɗari. Darasin share fagen sana'a ya haɗa noma da tattalin gida: adana amfanin gona, kai shi kasuwa, rubuta abin da aka kashe da abin da aka samu, girki, ɗinki. Sai zane da fasahar gargajiya, sai Faransanci da Larabci inda aka samu malami.

A fagen Tarihi da fasahar gargajiya, Birnin Kudu tana da abin koyarwa a ƙofar gida wanda garuruwa da yawa ba su da shi. Zane-zanen shanu da ke jikin duwatsun Habuɗe da Mesa da Murufu, waɗanda masana suka yi nazari a kansu tun shekarun 1950, suna cikin wuraren tarihi da gwamnatin tarayya ta killace. Malamin da ya kai ajinsa can ya koyar da abin da allo ba zai iya ba.

A ƙarshen Agusta 2025 Ƙaramar Ministar Ilimi, Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad, wadda 'yar Jigawa ce, ta sanar da kammala sabon garambawul. A aji huɗu zuwa shida, Tarihin Nijeriya ya zama darasi na dole, an haɗe zamantakewa da ɗan ƙasa nagari wuri guda, ilimin sarrafa kwamfuta da na'urorin zamani ya tsaya da ƙafarsa, motsa jiki da lafiya ma haka, Faransanci da Larabci kuma na zaɓi ne. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne an tsara fara aiki da ita daga farkon kowane mataki, wato aji ɗaya da aji huɗu a firamare. Bisa wannan lissafi, yaran da suka shiga aji huɗu a Satumban 2025 su ne za su fara kai ta aji shida a 2027.

Jarrabawa: wacce ce dole, wacce ce ta zaɓi?

Jarrabawar da aka fi sani da kwaman entarans, sunan da aka aro daga Turanci, asalinta ta shiga makarantun haɗin kan ƙasa ce na gwamnatin tarayya, irin Kwalejin Tarayya ta Kiyawa da ta 'yan mata da ke Kazaure. Hukumar NECO mai hedikwata a Minna ce ke shirya ta. Tana gwada Lissafi da Kimiyya, da Turanci da darussan zamantakewa, sannan da kaifin tunani a lambobi da kalmomi. Ba kowane yaro ne ake buƙatar ya rubuta ta ba, sai mai neman waɗancan makarantu. Jihohi da makarantun kuɗi kan shirya nasu gwajin domin tantancewa ko rarraba ɗalibai, musamman ga makarantun kwana, kuma jama'a duk da suna ɗaya suke kiran su.

Amma shiga ƙaramar sakandare ta gwamnati haƙƙi ne da dokar 2004 ta bai wa yaro. Jarrabawar da ke rufe ilimin bai-ɗaya ita ce ta aji uku na ƙaramar sakandare. Wannan tsari yana da masu yabo da masu suka. Masu yabo suna cewa ya hana a rufe wa ɗan talaka ƙofa yana ɗan shekara 12. Masu suka suna cewa tunda babu shinge, ana tura yara gaba ko sun iya ko ba su iya ba, kuma malami ba ya jin wani zai tambaye shi. Duka biyun suna da hujja. Sai dai mayar da shingen ba zai koya wa kowa karatu ba. Zai dai ƙidaya waɗanda ba su iya ba ya sallame su.

Takaddamar harshe

Shekaru da dama manufar ilimi ta ƙasa tana cewa a koyar da yara da harshen muhallinsu a aji ɗaya zuwa uku, daga aji huɗu a koma Turanci. A Nuwamba 2022, zamanin Minista Adamu Adamu, gwamnati ta amince a yi amfani da harshen uwa a duk shekaru shidan. A Nuwamba 2025 Minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, ya ce Turanci ne harshen koyarwa, yana danganta faɗuwar jarrabawa a wasu yankuna da dogaro da harshen gida.

Masu goyon bayan ministan suna nuni da cewa littattafai da jarrabawa duk da Turanci suke, kuma ba a tanadi malamai ko littattafan koyar da kimiyya da lissafi da harsunan gida ba. Suna kuma tambaya: harshen wa? Ko a kudancin Jigawa akwai rugagen da yaro ke tashi da Fulfulde. Masu adawa suna kafa hujja da gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon firamare, ana koya musu Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin. Suna ƙarawa da cewa manufar 2022 ba ta kai ga aiki sosai a azuzuwa ba, don haka da wuya a ɗora mata laifin faɗuwar da ta girme ta.

A aji kuwa, abin da ke faruwa ya sha bamban da kowace sanarwa. Malami yana rubuta Turanci a allo, ya yi bayani da Hausa, yara su kwafa. Idan yaro ya iya karatu da Hausa tun aji biyu ko uku, wannan hanya tana iya kai shi. Idan bai iya karatu da kowane harshe ba, kwafar zane kawai yake yi.

Tazarar da ke tsakanin takarda da aji

Duk abin da aka lissafa a manhajar aji shida an gina shi ne bisa zaton yaro ya riga ya iya karatu. Alƙaluma ba su goyi bayan wannan zato ba. Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar da tallafin UNICEF, ya nuna kusan kashi 27 cikin 100 ne kawai na yara 'yan shekara 7 zuwa 14 a Nijeriya ke da ƙwarewar karatu ta tushe, kusan kashi 25 kuma ta lissafi, kuma Arewa maso Yamma tana ƙasa da wannan matsakaici. Gwajin ba na aji shida ba ne, na matakin ƙananan azuzuwa ne. Matsalar ba ta Nijeriya kaɗai ba ce: a 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimta.

Dalilan suna da yawa, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Mafi girma shi ne malami. Manufar ilimi ta ce malami ɗaya ga yara 35, mafi ƙarancin shaidarsa kuma ita ce NCE, irin wadda Kwalejin Ilimi ta Gumel ke bayarwa. Inda malamai uku ko huɗu ke riƙe da makaranta guda, darussa goma sha wani abu kan koma Turanci da Lissafi da addini, sauran sai a jadawali. Gwamnatin jiha ta yi ƙoƙarin cike giɓin da shirin J-Teach na ɗaukar matasa masu shaidar koyarwa, kuma shirye-shiryen da Birtaniya ta tallafa, ESSPIN a da, PLANE daga baya, sun yi aiki a Jigawa kan horar da malamai. Duk da haka rabon malamai tsakanin gari da ƙauye bai daidaita ba.

Sai kalandar karatu. Zangon farko yana cin karo da kaka, na uku kuma, wanda shi ne na kammalawa, yana faɗowa a lokacin shuka da noman farko. Ɗan aji shida ya kai ƙarfin riƙe fartanya ko kora dabbobi, 'yar aji shida ta kai ɗaukar talla da renon ƙanne. Su ne gida ya fi buƙata, su ne kuma darasi ya fi tsere wa idan suka yi fashin mako biyu. Ranar kasuwa ma tana cin nata rabon. Ga rashin littafi a hannun kowane yaro, ga darasin kwamfuta a makarantar da babu wuta.

Akwai kuma abin da ba a cika lissafawa ba. Yawancin yaran nan suna zuwa makarantar allo da asuba ko Islamiyya da yamma. Wasu na kallon haka a matsayin ƙarin nauyi. Amma yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali a Larabci ya riga ya gane cewa alama tana wakiltar sauti, kuma malami mai dabara zai iya gina karatun boko a kan wannan.

Tsallake ajin, ko tsayawa a kansa

Masu ɗauke yaro daga aji biyar suna cewa ya riga ya ci jarrabawar shiga sakandare, me zai zauna yi? Ga kuɗin makaranta na shekara guda da za a huta. Abin da ake sarayarwa shi ne shekarar da ake ɗaure kaso cikin ɗari da gwargwado da rubutun wasiƙa da insha'i, waɗanda aji ɗaya na sakandare ke ɗauka an gama da su. Cin jarrabawar zaɓi-ɗaya-cikin-huɗu bayan an haddace tambayoyin baya ba ya nuna an iya su. Ga kuma batun shekaru: yaro ɗan tara ko goma a makarantar kwana, sannan ya gama sakandare bai kai shekara 16 da ake nema kafin shiga jami'a ba.

Barin karatu daga aji shida kuwa ya fi wannan illa, kuma ya fi yawa a karkara. Dalilinsa wani lokaci ba ƙin boko ba ne: ƙaramar sakandare ta yi nisa, babu abin hawa, iyaye ba su natsu su bar 'ya mace ta yi doguwar tafiya kullum ba. Sai dai karatun da bai yi ƙwari ba yana zubewa da wuri. Wanda ya fita yana haɗa kalma da ƙyar, bayan shekara uku ba tare da littafi ba zai iya komawa kamar bai taɓa shiga aji ba. A nan ne mahaifi kan ce ya ba da ɗa shekara shida bai ga komai ba, sai ya hana ƙannen. Ta haka raunin aji ɗaya ke rage yawan masu shiga makaranta a gaba.

Abin da za a sa ido a kai

Sabuwar manhaja za ta iso aji shida, amma sauya sunan darasi ba ya ƙara malami ko littafi. Idan aka bar ƙananan azuzuwa yadda suke, tazarar za ta ƙara faɗi tsakanin 'yan gari da 'yan ƙauye, tunda ilimin kwamfuta da Turanci zalla sun fi sauƙi ga wanda gidansu ke da waya da mai taya shi aikin gida. Idan kuwa aka mayar da hankali kan karatu da lissafi tun aji ɗaya zuwa uku, aka kuma ware wa 'yan aji biyar da shida da aka bari a baya lokaci na musamman bisa matakin da suke, ba bisa sunan ajinsu ba, manhajar za ta samu inda za ta zauna.

Iyaye da kwamitocin kula da makarantu na al'umma ba sai sun jira sakamakon jarrabawa ba. Tun zangon farko, a miƙa wa ɗan aji shida takardar Hausa da bai taɓa gani ba ya karanta ya faɗi abin da ta ƙunsa, a ba shi gajeren sakin layi na Turanci, a sa shi ya rubuta wasiƙar layi biyar, a tambaye shi kashi 10 cikin 100 na naira 5,000. Mahaifin da bai yi boko ba zai iya neman maƙwabci ya taya shi. In yaron ya kasa, a je wurin hedimasta a watan Oktoba, tun da sauran zango biyu a gaba.